Babi na Shida: Wa Za a Fara Harbi?

A wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya fitar a shekarar 2003, runduna guda takan ɗauki 'yan wasa har 256, kowa na zaune gaban kwamfutarsa a garinsu, kowa na tuƙa jirgin yaƙinsa a sararin samaniyar da aka ƙirƙira. Idan runduna biyu irin wannan suka yi arangama, ba a barin kowa ya harbi wanda ya ga dama. Mutum ɗaya ne, kwamandan runduna, yake duba jerin jiragen abokan gaba a allonsa, ya ambaci suna guda ta na'urar magana, sai bindigogin rundunar duka su juya kan mai sunan. Kafin wannan ya tarwatse, kwamanda ya riga ya faɗi na biyu domin mutanensa su fara kama shi a saiti, wani lokaci har da na uku. Haka faɗan yake tafiya, suna bayan suna, ko na minti goma ne ko na awa goma. Jirgin da aka rasa a wannan wasa ya tafi ke nan, sai an ƙera wani ko an saya, don haka duk sunan da ya fito daga bakin kwamanda hukunci ne a kan dukiyar da wani ya daɗe yana tarawa. Masu sharhi sukan fi mai da hankali ga yawan jirage da irin makamansu, amma sau da yawa runduna biyu masu ƙarfi ɗaya kan rabu ɗaya ta kwashe nasara ɗaya ta koma hannu rabbana, kuma in aka bi diddigi sai a tarar bambancin yana cikin jerin sunayen nan. A ganina, tsadar jirgi ba ta isa ta sa a fara da shi ba, haɗarinsa ma shi kaɗai bai isa ba. Wanda ya cancanci harbin farko shi ne wanda faɗuwarsa za ta fi rage wa abokan gaba ƙarfi idan aka auna ta da lokacin da za a ɓata kafin a kayar da shi. Lokacin nan shi ne rabin lissafin da ake yawan mantawa.

Dalilin tara wuta a kan jirgi ɗaya lissafi ne mai sauƙi. A ce jirage goma sun fuskanci goma, ƙarfinsu ɗaya, kuma kowane jirgi sai ya sha harbi goma kafin ya fashe. Ɓangare na farko yana haɗa bindigoginsa a kan jirgi guda a kowane zagaye, na biyu kuwa yana rarraba nasa daidai wa daida a kan kowa. A zagayen farko kowane ɓangare ya yi harbi goma, sai dai na farko ya kashe jirgi ɗaya, na biyu kuwa ƙwarzane ɗaya ɗaya ya bari. A zagaye na biyu masu rarrabawa saura tara, a na uku saura takwas, a haka har su ƙare a zagaye na goma. Jimillar harbin da suka samu yi 55 ne, wanda in aka raba wa jirage goma bai kai shida ga kowanne ba. Ke nan sun ƙare ƙurmus ba su kayar da ko ɗaya ba. Abin da ya jawo haka shi ne, a EVE jirgin da ya kusa fashewa yana harbi da irin ƙarfin da lafiyayye ke yi. Rauni ba ya rage wutar abokin gaba, sai an kashe jirgin take raguwa. Injiniyan nan na Ingila, Frederick Lanchester, ya bayyana tushen al'amarin a littafinsa na 1916 kan jiragen sama a fagen yaƙi: inda kowa ke iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana bin yawanta ne in an ninka shi da kansa. Jirage 100 da suka haɗu da 80 masu inganci ɗaya, da 60 za su tsira, ba da 20 ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, sai dai lissafin ya ƙara nuna cewa ratar da kanta take faɗaɗa, domin duk jirgin da ka riga kashewa ya daina harbinka a dukan zagayen da suka rage. Shi ya sa kisan minti na farko ya fi na minti na ashirin daraja, ko da jirgin iri ɗaya ne.

Da a nan wasan ya tsaya, da zaɓi bai yi wuya ba. Jiragen gyara ne suka rikita shi. Kowace runduna mai tsari tana tafe da ayarin jirage irin su Guardian da Oneiros masu gyaran sulke, ko Basilisk da Scimitar masu gyaran garkuwa, waɗanda ba harbi ne aikinsu ba, sai maido wa abokin tafiya lafiyar jirginsa daga nesa. Da zarar matuƙi ya ga abokan gaba sun fara kama shi a saiti, sai ya danna alamar neman agaji, masu gyara su gani, su kama shi a nasu saitin, su sakar masa gyara. Kowane mataki a nan yana cin lokaci: sai matuƙin ya lura, sai masu gyara sun gani, sai na'urarsu ta gama kamawa. Tsakanin harbin farko da isowar agaji akwai 'yar tazara ta sakan kaɗan. In jirgin ya fashe a cikinta, an yi kisa. In ya tsallake ta, kuma gyaran da ke sauka masa ya fi wutar da ake zuba masa, to duk harbin da ya biyo baya ɗibar ruwa ne da kwando. Har nau'in gyaran yana da tasiri, domin gyaran garkuwa yana sauka ne a farkon zagayen na'ura, na sulke kuwa sai a ƙarshensa, wanda ke nufin rundunar sulke ta fi daɗewa tana jiran agaji, ko da yake jiragenta sukan zo da kauri don cike wannan giɓi. Wannan ne ya haifar da salon runduna irin ta jiragen Maelstrom masu manyan igwa, waɗanda ke jinkirin sake harbi amma bugunsu na farko yake da nauyi ƙwarai. In igwa ɗari suka tashi tare, jirgi kan fashe kafin mai shi ya kai hannu ga alamar agaji. Masu gyara ba su da abin da za su yi wa jirgin da ya riga ya zama tarkace.

Saboda haka kwamanda mai gogewa, in ya dubi jerin nan, abin da yake auna wa kowane suna shi ne yiwuwar mutuwarsa cikin tazarar. Yana duba wanda ya yi nisa da masu gyaransa, wanda ya ratse daga ayari saboda sakaci, wanda ke gudu kai tsaye zuwa gare su yadda bindiga ba za ta kuskure shi ba, wanda irin sulkensa ke da rauni ga irin harsashin da rundunarsa ta ɗura, wanda ke daidai zangon da makamansa suka fi cizo. Kuma yana sa ido a kan ma'aunin lafiyar wanda ake harbi: in ya ga ya sauka ya tsaya, ya fara hawa, ya san agaji ya iso, sai ya bar shi nan take ya koma kan na biyu, wanda aka riga aka kama a saiti tun ɗazu. Wannan sauyi da kansa makami ne, don masu gyara sun tattara na'urorinsu a kan na farko, kuma sai sun sake kamawa daga tushe. Akwai kwamandojin da ke jera sunayen abokan gaba bisa haruffa su bi su daga sama zuwa ƙasa, har ya zama sananne a tsakanin 'yan wasan cewa mai sunan da ya fara da harafin A yakan riga kowa mutuwa. A ido abin kamar ganganci ne, amma yana da hujja: in jiragen abokan gaba duk iri ɗaya ne, babu wanda ya fi wani daraja, sai saurin gano suna ya zama shi ne komai, kuma mutum ɗari biyu sun fi saurin gano sunan da ke saman jeri. Illar ita ce abokan gaba ma sun iya karatu, kuma masu gyaransu za su iya riga ka kama wanda ke biye.

Babu inda wannan lissafi ya fito fili kamar yaƙin B-R5RB, wanda aka fara ranar 27 ga Janairun 2014 aka shafe kusan awa 21 ana yi. Musabbabinsa kuɗin riƙe yanki ne da ba a biya a kan kari ba, sai tsarin taurarin da ƙawancen N3 da Pandemic Legion ke amfani da shi a matsayin sansani ya zama kowa na iya kama shi. Ƙawancen CFC da abokansu na Rasha suka auka masa. Fiye da 'yan wasa 7,500 ne suka shiga cikin lamarin, kuma kowane ɓangare ya fito da jiragensa mafi girma, wato Titan, waɗanda ƙera guda ɗaya kan ci makonni da dukiya mai ɗimbin yawa. A lokacin, kowane Titan yana da babban makami guda da ake harbawa sau ɗaya sannan a jira minti goma, kuma saboda cunkoso kamfanin ya rage gudun lokacin wasan zuwa kashi goma cikin ɗari, yadda minti goma na wasa ya koma fiye da awa ɗaya da rabi a agogon duniya. Kayar da Titan ɗaya sai an haɗa irin wannan makami da yawa a kansa lokaci guda. Ke nan kowane suna da kwamanda ya kira ya cinye wani kaso na wutar da ba za ta dawo ba sai bayan dogon jira.

Da farko ɓangarorin biyu suna ta musayar asara kusan kunnen doki. Daga nan sai N3 da Pandemic Legion suka juya wutarsu kan Titan ɗin wani kwamandan ɗaya ɓangaren, wanda ake kira Sort Dragon a cikin wasan. A takarda zaɓin yana da kyau, ga jirgi mai tsada, ga shugaba a cikinsa. Amma jirgin an shirya shi da juriya ta musamman, kuma mai shi ya kira rundunarsa ta tattara gyara a kansa. Ya faɗi daga ƙarshe, sai dai kafin ya faɗi CFC da 'yan Rasha sun kayar da Titan biyar na abokan gabarsu. Daga nan lissafin Lanchester ya karɓi ragama: mai Titan da yawa yana da manyan makamai da yawa a kowane zagaye, yana kashewa da sauri, ratar tana ƙara buɗewa. Da aka rufe wasan don gyaran da ake yi kullum, Titan 75 ne suka halaka, 59 na N3 da Pandemic Legion, 16 na CFC da 'yan Rasha, kuma an ƙiyasta darajar asarar da kusan dala 300,000 in aka juya kuɗin wasan zuwa na gaske. Ba wannan zaɓi kaɗai ne ya yanke hukuncin yaƙin ba, domin CFC ta tura ƙananan rundunoni sun tare hanyoyin da agaji zai biyo, kuma yawan mutanen da ke farke a kowane yankin duniya ya taka rawa. Amma shi ne wurin da ma'auni ya karkata, kuma abin da ya karkatar da shi sayen kisa ɗaya ne da lokacin da ya isa kisa biyar.

Mai ja da wannan magana zai ce sare kan runduna dabara ce da ta ci nasara tun kafin a san kwamfuta, kuma yana da shaida. A yaƙin Tsushima na watan Mayun 1905, jiragen ruwan Japan ƙarƙashin Togo sun tattara wuta a kan jiragen da ke jagorantar layukan Rasha. Oslyabya ta nutse, Knyaz Suvorov ta fita daga layi tana ci da wuta, kwamandan rundunar Rasha, Admiral Rozhestvensky, ya ji mummunan rauni, rundunar ta shafe sa'o'i ba mai ba ta umarni sosai. A EVE ma an sha ganin runduna ta watse saboda an kashe mai kiran sunaye, har ya kai kamfanin ya fito da jirgi na musamman mai suna Monitor a 2018, wanda kusan ba shi da makami amma kayar da shi ke da matuƙar wuya, domin kwamanda ya zauna a ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai saɓa wa abin da nake faɗa ba. Kwamanda yana da daraja babba a ma'auni, musamman in an san ba shi da mataimakin da zai karɓa. Abin tambaya shi ne nawa za a biya. A Tsushima jiragen jagora su ne mafi kusa da bindigogin Japan, kuma babu mai gyara su daga nesa. Darajarsu babba ce, farashinsu kuma daidai da na kowa. A EVE kuwa kwamanda ya san ana farautarsa, ya fi kowa kauri, masu gyara sun kama shi a saiti tun kafin a fara, kuma manyan ƙungiyoyi sukan tanadi na biyu da na uku da za su ɗauki magana cikin sakan kaɗan. In aka same shi a sake, cikin jirgi marar kauri ko nesa da agaji, a harbe shi ba tare da wata-wata ba. In kuwa a shirye yake, to kiran sunansa kyauta ce aka ba shi: ya mai da kansa wurin da wutar abokan gaba za ta ƙare a banza.

Ƙa'idar da sababbin 'yan wasa suka fi haddacewa ita ce a fara da masu gyara. Hujjarta a bayyane take, tunda su ne ke hana kisa, in an kawar da su komai zai faɗi. Sai dai masu gyara suna gyara junansu, jiragensu ƙanana ne masu wuyar samu da manyan bindigogi, kuma sukan tsaya can bayan rundunarsu, inda sai ka ratsa wutar abokan gaba kafin ka kai. Duk sakan da aka ɓata a kansu, bindigogin abokan gaba suna aiki cikakku ba wanda ya rage su. In rundunarka tana iya fasa jiragen harbi duk da gyaran, to fara da masu gyara asara ce, domin kashe mai gyara ba ya rage wutar da ke sauka a kanka ko kaɗan. In kuwa an gwada suna biyu ko uku an ga babu wanda ke faɗuwa, lissafi ya juya: yanzu lokacin kashe jirgin harbi ya zama marar iyaka, kuma mai gyara, komai wuyarsa, ya fi arha. Ƙa'idar tana da lokacinta, kuma ma'aunin lafiyar abokin gaba ne ke faɗin lokacin ya yi ko bai yi ba.

Akwai kuma jiragen da darajarsu ba a harbi take ba sam. Ƙaramin jirgi irin Sabre yana sakin wani kumfa da ke hana duk wanda ke cikinsa tserewa. Jirage irin Falcon da Scorpion suna rikita na'urar saiti. Wasu suna ƙara wa rundunarsu duka juriya ko gudu. Runduna da ke son ficewa daga faɗan da ya fi ƙarfinta ba ta da abin hari da ya wuce mai kumfan nan, ko da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na manyan jiragen da ke kewaye ba. Runduna da ta zo kare wani gini kuwa, wanda ke harbin ginin shi ne damuwarta. Wato darajar jirgi tana canzawa da abin da aka fito nema, kuma kwamandan da bai tsai da wannan a ransa kafin a fara ba, ba shi da abin da zai auna lokaci da shi. Sa'ar da ake samu ita ce irin waɗannan ƙananan jirage galibi ba su da kauri, shi ya sa sukan hau saman jeri ta fuska biyu.

Suka mafi ƙarfi a kan ra'ayina daga teku take fitowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A yaƙin Dogger Bank na 24 ga Janairun 1915, jiragen Birtaniya ƙarƙashin Beatty suna bin na Jamus ƙarƙashin Hipper. Jirgin Beatty, Lion, ya lalace ya koma baya, tutocin umarnin da ya ɗaga kuma aka karanta su ba yadda ya nufa ba, sai sauran jiragen suka bar bin manyan jiragen Jamus uku, Seydlitz da Moltke da Derfflinger, suka taru a kan Blücher, wadda ta riga ta ragargaje tana jan jiki a baya. Sun nutsar da ita, ukun nan suka tsira, kuma bayan wata 16, a yaƙin Jutland, Seydlitz da Derfflinger ne suka nutsar da jirgin Birtaniya Queen Mary. To, in ka ce a zaɓi wanda zai faɗi da wuri, ba Blücher ka zaɓa ba? Amsata ita ce a'a, domin saurin faɗuwa rabin ma'auni ne kawai. Jirgin da ba ya iya gudu, bindigoginsa kuma sun fara yin shiru, faɗuwarsa ba ta rage wa abokan gaba wani ƙarfin da bai riga ya ragu ba. Jirgi ɗaya ko biyu sun isa su ƙarasa shi daga baya. Kuskuren Dogger Bank da na B-R5RB 'yan gida ɗaya ne: a ɗaya an ga arha an manta da daraja, a ɗayan an ga daraja an manta da farashi. Yaƙin ya kuma nuna inda teku ta bambanta da wasan. Tun da farko jirgin Tiger ya haɗu da Lion a kan Seydlitz ya bar Moltke ba mai harbinta, sai ta samu sukunin saita bindigoginta a natse. A teku, jirgin da harsashi ke faɗuwa kewaye da shi saitinsa yakan lalace, kuma in jirage da yawa suka harbi guda ba mai iya bambance feshin ruwan harsashinsa da na wani, shi ya sa sojan ruwan wancan zamani suka fi son kowane jirgin abokin gaba ya samu mai harbinsa. A EVE babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka tara wuta ya fi ƙarfi a wasan fiye da yadda ya taɓa yi a teku. Wanda ya kwaso darasin tarihi ya zuba a wasa ba tare da duba dokokin wasan ba zai sha mamaki, haka ma wanda ya yi akasin haka.

Tara wutar ma yana da iyakarsa. In jirage 60 sun isa su fasa abin hari a bugu ɗaya, runduna mai 240 da ta harbe shi gaba ɗaya ta zubar da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta a kan tarkace. Manyan rundunoni sukan raba kansu rukuni rukuni, kowane da mai kiran sunayensa, kuma a faɗan Titan akan ƙidaya manyan makamai nawa za a ware wa kowane jirgi, kada a yi ƙasa ya tsira, kada a yi sama a yi asara. Raba wuta biyu yana da wata riba kuma, ta tilasta wa masu gyara raba hankalinsu. Sharaɗin dai shi ne kowane rukuni ya kai adadin da zai kashe cikin tazarar. In bai kai ba, an koma halin masu harbi 55 ɗin nan.

Wani zai ce duk wannan lissafin faɗa guda ne, alhali yaƙi a EVE kan ɗauki watanni, kuma Titan da aka kashe yau ba zai halarci faɗan gobe ba, don haka kisa mai tsada yana da riba ko da an sha wuya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A yaƙin M2-XFE, a ƙarshen Disambar 2020, Titan 257 ne suka halaka tsakanin ƙawancen Imperium da PAPI, asarar da ta shiga kundin Guinness, kuma a irin wannan faɗa kowane ɓangare yana kallon abin da zai rage masa a rumbu ne fiye da wanda ya riƙe filin. Amma ko a wannan ma'auni, wanda ya ci gaba da samun rinjayen wuta shi ne ke kwashe kisa masu tsada a ƙarshe, domin shi ne ke nan tsaye lokacin da abokan gaba suka maƙale cikin kumfa ba hanyar fita. Titan 59 na B-R5RB yawancinsu bayan karkatar ma'auni suka faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda shafukan da ke lissafa kisa da darajarsa a kuɗin wasa suke jan kwamandoji da mabiyansu zuwa ga jirgi mai ƙyalli. Kowa na son sunansa ya fito a rahoton kisan jirgi mai tsada, kuma wannan sha'awa takan sa matuƙa su saki abin da aka kira su harbi abin da ransu ke so, ko kwamanda ya nace a kan jirgin da ma'auninsa ya riga ya fara hawa don ba ya son a ce ya kuɓuce masa.

Nacin nan ya fi kuskuren zaɓi yawan kashe runduna, domin zaɓi marar kyau da aka saki bayan sakan goma asararsa sakan goma ce, wanda aka riƙe minti uku kuwa ya ba abokan gaba minti uku suna kisa kyauta. Haka shirun kwamanda yake: in ya tsaya neman suna mafi dacewa, bindigogi ɗari biyu suna zaune, ko kuma kowa ya fara harbin na kusa da shi. Suna mai matsakaicin kyau da aka faɗa da wuri, da murya a sarari, aka maimaita shi tare da irin jirgin, kowa kuma ya bi, ya fi suna mafi kyau da rabin runduna ba su ji ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a wasan suke tilasta wa kowa ya zo da jirgi iri ɗaya da kaya iri ɗaya, don kwamanda ya san zangon bindigoginsa da nauyin bugunsa ba tare da tambaya ba, suke hana surutu a layin magana in faɗa ya kaure, suke kuma koya wa sabon shiga ya kama na biyu a saiti amma kada ya taɓa shi sai an ce. Harbi ɗaya da ya riga umarni ya isa ya sanar da mai jirgin cewa shi ne na gaba, ya danna alamar agaji, masu gyara su riga rundunar isa kansa.